Fadamar da Baba Ya Hana a Noma

Shekarar da na fara koyarwa a firamare Baba ya bar aikin soja ya dawo Zuru. A kudu ya ƙarasa aikinsa, a wani gari da teku ke ci kaɗan-kaɗan. Ya ba mu labarin yadda mutanen garin ke shiga taɓo mai gishiri har gwiwa, suna sake dasa itatuwan da iyayensu suka sare, don saiwa ta riƙe musu ƙasa.

Mu ba mu da teku. Fadama ce da mu a gindin dutse, inda Mama ke shinkafa. An daɗe da nome ciyawar bakinta, shi ya sa in ruwa ya gangaro daga dutse sai ya wuce da gudu, ya bar kwazazzabo da yashi. Baba ya zagaya wurin sau biyu, ya ce a bar wa ruwa sashen da ke bakin rafi.

Mama ba ta so ba, don nan shinkafarta ta fi kyau.

"Maigida, ciyawa za mu ci?"

Ya ce ta ba shi damina uku.

Ranakun Asabar nake taya shi. Mun jera duwatsu a kwazazzabon kamar yadda kakanninmu ke yi a gonakin dutse, muka dasa ciyawar jema da gora da ya ɗauko a babur daga wajen wani abokinsa a Dabai. Ruwan Agusta ya kwashe rabin aikin. Da safe na tarar da shi yana tsintar duwatsu cikin laka, ni ma na tuɓe takalmi na shiga.

A damina ta uku ruwan ya fara tsayawa. Har bayan Kirsimeti ƙasar na da laima, balbelu suka dawo, wata rana ma muka ga tarwaɗa a kududdufi.

Mama ba ta taɓa cewa ya yi gaskiya ba. Sai dai da rani ta yi kwamin alayyafo da albasa a gefen jemar, ta kuma hana kowa ɗaure akuya a wurin. Da maƙwabciyarmu ta zo neman dashen jema, ita ta tone mata, ta nuna mata tazarar da za ta bari.