Fuskar da Na Ɗauka a Karar Daura

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Daura daga Kano, ni da abokina da ke buga mini littattafai. Haƙuri za mu je bayarwa.

Ni labarin zane nake yi, irin wanda baƙin tawada ya fi fari yawa, ɗan sanda da ɓarawo kowa da kashi a gindinsa. Bara na zauna a karar Daura, inda ake cinikin dabbobi, ina zana fuskoki. Na ga wani dillali mai tabo a gira. Fuskar ta burge ni, na ɗora wa shugaban ɓarayin shanu na littafina, ko tambayarsa ban yi ba. Wani ya ɗauki shafin a waya, hoton ya karaɗe garinsu Babban Mutum, har makiyaya suka daina ba shi dabba ya sayar.

A Kazaure muka tsaya karyawa. Abokina ya cinye ƙosansa ya haɗa da nawa. Daga Daura muka nufi Babban Mutum a wata mota da sai direba ya zagayo ake buɗe ƙofarta. Gero ya fitar da kai hagu da dama.

Ranar kasuwa ce guda, amma a ƙofar gida muka sami dillalin, yana jin rediyo. Na durƙusa, na miƙa masa littafin.

"Baba, ni na yi zanen. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana duban shafin. "Hannunka na da kyau, ɗana. To a ƙarshe an kama ni?"

"A'a, Baba. A irin labaranmu mugu tsira yake yi."

"To ni ban tsira ba." Ya sa aka damo mana fura, sai da muka sha ya ce, "Tashi mu je kara, can za ka faɗa."

Na tsaya tsakiyar makiyaya na ɗaga littafin, na faɗi gaskiya. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "To duk kasuwar nan, don me sai shi?" Har muka bar garin ban ga wanda ya danƙa masa ko akuya ba.

Bayan magariba muka shigo Kano. Na daɗe ina taƙama labaraina ba sa yi wa kowa adalci, wai haka duniya take. Yau kunya nake ji. Ni idan na gaji da shafi sai in juya shi, amma shi da fuskar nan zai fita kasuwa mako mai zuwa.