Reshen da Muthubanda Ya Ƙi Ratayawa

A ƙauyenmu duk mai shiga daji sai ya karya ɗan reshe ya rataya a tsamiyar bakin hanya, don Aiyanayaka, abin bautar da ke tsaron daji, ya kare shi daga giwa. Kowa na yi, ban da tsoho Muthubanda.

Ba wai ba ya addini ba ne fa. Duk ranar cikar wata yana gidan ibada da fararen kaya, ya ajiye fure gaban Buddha, ya zauna ƙiƙam yana bin numfashinsa. Ba ya shan giya, ba ya ƙarya, ko sauro ba ya kashewa. Amma ka yi masa zancen alloli da iskoki, sai ya kece da dariya.

"Buddha mutum ne, ya koyar, ya mutu," in ji shi. "Furen nan don in ga yana yaushi nake kawo shi, ba toshiyar baki ba ce."

Sai wani toron giwa ya fara fitowa, ya tattake shinkafar Kirihami, maƙwabcinsa na gona.

"Kai ka ja mana, tsoho mai taurin kan tsiya!" Kirihami ya daka masa tsawa a gaban jama'a. "Ko ka rataya reshe, ko ranar da ya shigo gonarka ka yi ta kururuwa, ba mai amsa maka."

Giwa kuwa da taron ihu da bugun gwangwani ake korar ta, mutum ɗaya bai isa ba.

Da safe zai tafi gonarsa cikin daji, matarsa Ranmenika ta bi shi har bakin dajin. "Haba maigida, ganye ne fa! Rataya musu mana, waye zai leƙa zuciyarka?"

"In na rataya na yi ƙarya ke nan, ko baki bai faɗa ba."

Ya wuce tsamiyar, hannu a baya. Ga kashin giwa tsakiyar hanya, har yana tururi. Ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka.

Can Ranmenika ta ji muryarsa daga gona, doguwa, irin kiran da ake yi in giwa ta zo. Ta juya wajen bukkokin maƙwabta. Suna ciki, tana hango ƙafafunsu. Ba wanda ya motsa.

Ta karya reshe, ta rataya masa. Ta kasa kunne ko zai sake kira.