Ramar Katifa

Ina tsugune a ƙofar shago ina wanke kafiretar wani babur a cikin kwanon fetur, mai facin da ke maƙwabtaka da ni ya taho da waya a hannu. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a kaina har inuwarsa ta rufe kwanon.

"Injiniya, ajiye wannan."

"Bari in gama, mai shi na hanya."

"Ajiye, na ce. Katifa ne. Ya faɗi a hanyar kai kaya, an kwashe shi zuwa asibiti. Yanzu ƙanin matarsa ya kira, ya ce rai ya yi halinsa."

Na saki kafiretar a cikin kwanon. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Mota ce?" Ya ce shi dai an ce masa haɗari ne.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, abokan aikinsa biyu suka turo babur ɗinsa zuwa shagona, don ni nake duba shi tun yana sabo. Na zagaya shi sau uku. Madubi lafiya, fitila lafiya, ko ƙwarzane babu a tanki. Na tambaye su yadda aka same shi. Suka ce a kafe yake a gefen titi, inji a kashe, makulli a hannun mai shi, shi kuma yana kwance a gindin wata katanga. Shekara ashirin da shida ina gyaran baburan da suka yi haɗari, ban taɓa ganin wanda ya kafe kansa ba.

Fasinjoji ne suka sa masa Katifa. Wata tsohuwa ya ɗauko daga kasuwa, ta jingina da bayansa ta yi barci har ƙofar gidanta, da ta sauka ta ce ko a ɗakinta ba ta da shimfiɗa mai laushin wannan. Sunan ya bi shi. Ni kuwa shi ya sa mini Injiniya, don tsiya, ya san ban gama firamare ba. Shekara goma sha tara kusan kullum tare muke cin abincin rana a kan bencin shagona, shi yana ci yana ba da labarin fasinjoji, ni ina yi masa ƙorafin yadda yake kashe tayar baya. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon ƙafa, shi yake kai ta asibiti duk Talata har shekara biyu, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, yana yi mata waƙa da muryarsa mara daɗi har ta ce ya yi wa Allah ya yi shiru.

Mutum ne mai jiki sosai. Bayan shagona akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana da sikeli babba, a nan muke gwada shi don raha. Kilo ɗari da ashirin da biyu. Ni kuma ina da nawa ma'aunin. Shokar bayan babur, ƙarfen nan mai nannaɗe da ke ɗaukar nauyi, tana da matakai biyar, ana ƙara mata ƙarfi gwargwadon nauyin mai hawa. Ta Katifa a mataki na biyar take tun ranar da ya sayi babur ɗin, kuma duk da haka sai ta yi ƙara in ya zauna.

Da aikin ɗaukar fasinja ya yi sanyi, sai ya nemi shiga wani kamfanin kai saƙo. Babur naka ne, su ɗaura maka akwatinsu a baya, su ba ka riga da waya. Na raka shi ranar gwaji. Akwatin ya cinye rabin kujera. Katifa ya hau, tumbinsa ya kwanta a kan tanki, bayansa ya tokare akwati, kan babur ya ƙi juyuwa zuwa ƙarshe. Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Manaja, wani siriri mai tabarau, ya ce ba zai ɗauki wanda ba ya iya karya kwana ba, amma in ya rage jiki cikin wata uku ya dawo.

Katifa ma ya yi dariya tare da su, amma a hanyar dawowa ko tari bai yi ba, shi da ba ya iya minti biyu bakinsa a rufe.

Ina so a san cewa farkon abin gaskiya ne, da idona na gani. Ya daina shan lemo, shi da yake shan kwalba uku a zama ɗaya. Ya rage sukari a shayi, ya raba abincinsa biyu ya tura mini rabi. Kullum da safe yakan zagaya filin ƙwallon makarantar unguwarsu sau goma. In ya zo hawan tudun da ke kusa da shagona sai ya kashe inji ya sauka ya tura babur da hannu, yana haki, yana zagina wai ni na yi tudun. A wata uku ya zubar da kilo sha ɗaya. Ya koma, ya shiga tsakanin tanki da akwati da ƙyar, aka ɗauke shi. Ranar na sauke masa shoka zuwa mataki na huɗu, mai faci yana tafi, mai ƙarafa yana cewa a kawo tumbin da aka cire ya auna ya saya.

Daga nan ne abin ya fara yi mini wani iri. Aikin kamfani ba ya barin mutum ya tura babur a tudu, waya na kira kowane lokaci. Na ga ya koma cin abincinsa duka, har yana sa hannu a nawa. Amma rama ba ta tsaya ba. Bayan wata biyu ya dawo yana cewa babur na buga masa baya a kan gargada, shoka ta yi tauri. Na sauke zuwa uku. Bayan sati shida na sauke zuwa biyu.

"Wai kai me kake sha ne?" na tambaye shi ina riƙe da sifana.

"Zufa nake sha. Kai da ba ka iya zagaya shagonka sau ɗaya me ka sani?"

Kowa yabonsa yake yi. Manaja ya ɗauki hotonsa ya liƙa a ofis don sauran masu tumbi su gani. Abokan aikinsa suna zuwa neman sirri. Ya sayi sabon wando, ya huda bel ɗinsa huda biyu a shagona da ƙusa mai zafi, yana yi yana fito. Tun da na san shi ana yi wa jikinsa dariya, yau ga shi ana nuna shi da yatsa don alheri. Na ga yadda hakan yake masa daɗi, sai bakina ya yi nauyi.

Amma ban daina zargi ba. Na fara zargin mai tallan maganin rage tumbi da ke yawo da lasifika a bakin tasha. Na tare shi, ya rantse bai taɓa sayar wa Katifa ko ƙulli ɗaya ba, ban yarda da shi ba har yau. Sai na zargi ƙwaya, irin wadda wasu masu babur ke sha don kada su gaji. Rannan ya shiga bayan gida, na laluba aljihun rigarsa da ya rataya, Allah ya yafe mini. Ban sami komai ba sai alewa biyu da tsinken sakace. Abin da na lura da shi shi ne ruwa. Yakan zo da gora babba ya shanye a zama ɗaya, ya cika a famfon mai faci, ya sake shanyewa, kuma kafin mu gama cin abinci ya zagaya bayan shago sau biyu.

Na je gidansa wata Asabar da rana ina sane ba ya nan. Matarsa tana tsakar gida tana rage masa wuyan wata riga da allura. Muka gaisa, na ce, "Maman 'Yan Biyu, mutumin nan lafiyarsa kuwa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kai zan tambaya, Baban Shago. Kun fi daɗewa tare da shi a yini."

"Yana fita motsa jiki har yanzu?"

"Kullum. Ya dawo riga sharkaf." Ta ciji zare. "Sai dai rigar ba ta warin zufa. Ni nake wankewa."

Washegari da sassafe na je filin makarantar na tsaya bayan wata bishiya kamar ɓarawo. Ya zo da takalmin gudu da gorarsa. Ya yi rabin zagaye, ya tsaya ya dafa gwiwa. Sai ya ja ƙafa zuwa wani kututture ya zauna, ya sa kansa a tsakanin hannuwa, ya daɗe a haka har na fara tunanin fitowa. Can ya buɗe gora ya sha rabi, ya tsiyaya sauran a ƙirji da bayan wuya, ya matse rigar kaɗan, ya miƙe ya kama hanyar gida. Da ya zo wucewa gaban masu shayi sai ya ɗan ƙara sauri yana wurga hannu, suka ɗaga masa murya, "Sai ɗan wasa!"

Na daɗe a bayan bishiyar nan ina kuka, ni da furfurata.

Bayan rasuwarsa da kwana biyu na buɗe murfin gefen babur don in cire batir kada ya mutu a ajiye. A bayan batir ɗin na sami leda a naɗe. Katin asibiti ne da takardar gwajin jini da kwalin magani, an ɓalle ƙwaya huɗu kawai. Kwanan watan da ke jiki ya kai wata huɗu. Na kai wa ƙanin matarsa, ma'aikacin jinya ne, ya karanta ya zauna. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa tun a lokacin, an rubuta ya dawo bayan sati biyu. Ya ce ramar da muke ta yi wa tafi, daga wata na huɗu zuwa sama, ciwon ne yake cin sa.

Katifa ya ɓoye takardar a inda matarsa ba za ta taɓa kai hannu ba. Amma wurin nan ni kaɗai nake buɗewa. Har yanzu ban sani ba ko ɓoye mini ya yi, ko ajiye mini ya yi don in gani, ni kuma ban duba batir ba saboda bai taɓa ba shi matsala ba. Ina zargin manaja ya lura ya yi shiru don saƙo na isa da wuri. Ina zargin abokan aikinsa da suka ce sun sha ganin ya faka ya zauna a gefen hanya, suka ɗauka hutawa yake. Idan na gama zagaye kuma sai in dawo kan wanda ya sauke shoka sau uku da hannunsa.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Laraba ne da yamma, kwana uku bayan na bi shi fili, kwana ɗaya kafin ya rasu. Ya kawo babur in ɗaure masa sarƙa. Ya zauna a benci, rigar kamfani tana lilo a kafaɗarsa. Na gama aikin, na zare makulli na sa a aljihuna.

"Ba ni, waya na kira," ya ce.

"Na gan ka a fili ranar Lahadi. Na ga abin da ka yi da gora."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Ashe har leƙen asiri ka koma. Gyaran bai ishe ka ba?"

"Tashi mu je asibiti yanzu. Ni zan tuƙa."

"In yi me a can? Ni rabona da asibiti tun ina kai Innarka. Gajiya ce kawai, aikin nan ba wasa ba ne."

"Ƙarya kake, Katifa."

"To, ka ce na je. Su rubuta takarda, ta kai ga mai tabarau, ya kwance akwatinsa. In koma bakin kasuwa ina jiran fasinja, a ce ga wanda aka liƙa hotonsa can ya dawo? 'Yan biyu na shiga babbar makaranta bana, ka sani."

"Su 'yan biyun uba suke so ko akwati?"

Wayar ta sake ƙara a aljihunsa, bai ɗauka ba. Sai ya ce, a hankali, "Litinin ina da hutu. Ka zo gida da safe mu je tare. Amma kada ka faɗa mata komai kafin nan."

"Ka rantse."

"Haba, ni da kai har sai da rantsuwa? Na ce Litinin."

Ya miƙo hannu. Na dube shi, na dubi hannun, zoben azurfarsa har ya koma babban yatsa don ya yi wa sauran yawa. Na ciro makullin na sa masa a tafi.

Ya hau, ya tayar, ya gyara hular kwano. Na ce, "Litinin fa, ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanka."

"Ka dai yi wanka ka sa riga mai tsabta," ya ce. "Kada likita ya gan mu ya fara da kai."