Barcin La'asar Da Na Hana Shi

A lokacin maigidana direban babbar mota ne. Yana ɗaukar shanu daga kasuwar Mai'aduwa zuwa Kudu, ya juyo da manja. Tafiyar takan ci kwana huɗu, barcinsa a cikinta bai wuce na gefen titi ba, kansa a kan sitiyari.

Ni kuwa tun ina yarinya nake da tsoron yin kuskure. Alwala sai in maimaita ta ina kokwanton ko ruwa ya kai gwiwar hannu. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwarmu a Daura, na shiga, duk abin da na ji sai in riƙe shi da hannu biyu. A can wata da muke zama tabarma ɗaya ta gaya mini barcin bayan la'asar yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ban tambayi malam ba, na dai ajiye maganar a raina.

Wata Laraba da damina ya dawo daga tafiya, idanunsa jajur. Ko abinci bai taɓa ba. Ya yi la'asar a masallacin ƙofar gida, ya shigo ya miƙe a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ko hula bai cire ba.

Na tsaya a kansa. Na taɓa ƙafarsa na ce, "Malam, tashi, la'asar ta yi, ba a barci yanzu." Bai buɗe ido ba, ya roƙe ni in bar shi ko na rabin awa ne.

Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, tana tsince wake a bakin ɗakinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙyale bawan Allah. Mutum ya kwana huɗu a kan taya, ke ce za ki koya masa lokacin barci?"

Kunya ta sa na koma madafi, amma na kasa zama. Da Inna ta zagaya bayi, na koma na sake tashinsa, har na yayyafa masa ruwa a fuska.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tunda barci ya haramta a gidan nan, bari ya kai wa ƙanensa buhun takin da ya yi masa alkawari a Dutsi. Ya ɗaure buhun a bayan babur ya fita. Wallahi daɗi na ji, gani nake na tsare masa hankalinsa.

Masu noma a gefen hanya sun ce babu abin da ya gitta masa, babu rami. Sun dai ga kansa ya sunkuya, babur ya bar kwalta a hankali ya daki kwalbati.

A asibiti likita ya ce ƙwaƙwalwar ta bugu, kuma babu maganin da zai yi mata aikin barci, don haka duk sa'ad da barcin ya zo masa kada a tashe shi. Na ce, "Ko da la'asar ne, likita?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ko da la'asar ne, baiwar Allah."

Ya rayu, amma bai sake tuƙi ba. Magana takan ɓace masa a tsakiya, wani lokaci har sunayen 'ya'yansa. Daga baya na tambayi malaminmu, ya ce babu laifi ga gajiyayye ya kwanta a kowane lokaci. Inna kuwa har ta rasu ba ta taɓa tada maganar ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Har yau bayan la'asar yana kwanciya ƙarƙashin darbejiyar nan. Na hana daka a wannan lokaci, ina korar kaji, in zauna da mafici ina kore masa ƙuda. Ni ce dai barcin ya ƙaurace wa, rabona da na kirki tun shekarar. Shi bai tuna abin da ya fitar da shi daga gida ran nan ba, ni kuma har yanzu ban iya gaya masa ba.