Tarhon NakaMehluli

A layinmu na unguwar Luveve, in aka ambaci NakaMehluli, tarhonta ake fara tunawa. Kore ne, marigayi mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ya saka shi, ita kuma ta ɗora shi kan farin kyallen da ta saƙa da hannunta, kullum tana goge shi. Namu duk sun mutu tun shekarun da aka yi ta kwashe igiyoyi daga kan fal-fal, nata kaɗai ya rage. Haka dai muka sani.

Ɗa ɗaya gare ta, Mehluli, wanda da sunansa ake kiranta NakaMehluli, wato uwar Mehluli, yana Ingila. Duk Alhamis in muka taru, mu matan coci, cikin jajayen rigunanmu, sai ta zo da labarinsa. Ya bugo ranar Lahadi, ya ce sanyi ya yi yawa. Ya bugo, ya ce yana kewar tuwon masararta. Ni kam har haushi nake ji, don tawa 'yar da ke birnin Joni, nan tsallaken iyaka, sai in ta ga dama take tunawa da ni.

Ana nan sai kamfanin tarho ya sanar cewa duk mai tsohon layi za a iya jona masa intanet mai sauri ta cikinsa. MaTshuma, matar fastonmu, tana da kwamfuta, kuma ba ta iya riƙe dabara a ciki.

"Ku tsaya ku ji," in ji ta. "A jona a gidan NakaMehluli, mu riƙa ganin fuskokin 'ya'yan nan marasa kirki. Kada wadda ta faɗa mata, mu yi mata bazata!"

Muka yi ta tafi. Alhamis ɗin da taro ya zagayo gidanta, muna tsakiyar shayi sai ga ma'aikacin kamfani da ɗan akwatinsa. NakaMehluli ta ajiye butar shayi, ta miƙe ta tare shi.

"Ɗana, yau ina da baƙi. Ka dawo wata rana."

"Baƙin ne suka kira shi!" in ji MaTshuma tana dariya. "Zauna, ke dai kin cika iyayi."

Ya ɗaga kan tarhon ya sa a kunne. Ya jijjiga, ya sake saurara. Sai ya bi igiyar da hannu, ta bayan kabad, ta taga, har tsakar gida, mu kuma muka bi shi rututu. Igiyar ba ta je ko'ina ba. A jikin bishiyar mangwaro aka ɗaure ta, ta yi tsatsa, ga zannuwa biyu a shanye a kai.

"Gogo," ya ce a hankali, yadda ake kiran kaka a nan, "ai wannan layin ya daɗe da mutuwa. Shekaru ma."

Na sha ganin kunya, amma ban taɓa ganin ta kama mutane da yawa haka a lokaci guda ba. NakaMehluli ta tsura wa zannuwan ido, mu kuma kowa ta sami abin kallo a ƙasa. MaTshuma mai baki kamar rediyo ta shiga gyara hularta da ba ta karkace ba.

Bawan Allah ya so ya gyara zance. "Ba komai, Gogo, abu ne mai sauƙi. Sabuwar igiya zan ja daga fal ɗin can. Kafin Lahadi tarhonki na bugawa, da tsohuwar lambarki ma."

"E mana, a gyara!" muka ce baki ɗaya, don mun sami mafita.

Sai ta riƙe hannun rigarsa.

"Kada ka gyara, ɗana."

"Me ya sa, Gogo?"

"Tun layin na da rai Mehluli ya daina bugowa. Da igiyar ta tsinke, sai na sami sauƙi. Na ce ƙila yana ta bugowa, bai same ni ba." Ta share fuska da bakin zane. "In ka gyara, Lahadi ta zo tarhon bai buga ba, wa zan ɗora wa laifi?"

Ya tattara akwatinsa ya fita, ko shayin da aka zuba masa bai sha ba.

Har yau tana zuwa taron Alhamis, tana kawo biredi, tana zama can baya. Ba ta ƙara ambaton Mehluli ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba. Rannan na shiga aron gishiri, na tarar da ita tana goge tarhon.