Tantabarun Malam da Farantan Solata

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa na ce sai na sa sola. Saboda rashin wuta firjina ya yi shekara uku yana aikin kabad, tukwane nake jerawa a ciki, ga zafin Daura ba ya raga wa kowa. Maigidana ya ce to, kamar yadda yake ce wa duk abin da ba shi zai yi ba.

Mai haɗawar daga Mai'aduwa ya zo, da farantin sola huɗu, batir biyu da inbata mai juya wutar. Kafin ya taka tsani na sa ya yi abin da kowa ke yi a unguwarmu, ya ɗaga murya sau uku: "Za a hau sama!" Nan da nan na ji gudun mata ta bayan katanga, ana kwashe shanya ana janye yara. Gidan Malam ke nan, maƙwabcinmu na shekara talatin, wanda ko tari muka yi da ƙarfi sai ya aiko a tambayi lafiya. Daga saman kwanonmu kuwa tsakar gidansa a fili take, har banɗakin da ba shi da rufi.

Kwana biyu ana aiki, kwana biyu matan gidan na kulle a ɗaki. Da wutar sola ta kawo na aika wa Malam da ƙanƙara cikin kula, ya sa albarka, na ɗauka an gama.

Ashe tantabarunsa ne ba su gama ba. Malam yana da su sun fi arba'in, yana ji da su kamar 'ya'ya, kowace ya san halinta. Suka ga wuri mai santsi da sheƙi, suka mai da shi majalisa. Cikin sati biyu farantan suka yi fari fat da kashi, firji ya fara nishi tun la'asar. Na kira mai haɗawar, ya ce, "Hajiya, sai dai a riƙa wankewa duk sati."

Duk sati namiji a kan kwano! Malam ya tari maigidana a ƙofar masallaci, ya ce cikin sanyin murya shi ba zai iya kulle iyalinsa kowace Asabar ba saboda ruwan sanyi. Maigidana ya dawo yana cewa ko mu sauke abin. Na ce a sauke me? Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kuma wallahi ban so a ce mun ɓata da mutumin da ya yi wa 'ya'yana biyar huɗuba ba.

Sai dabara ta zo mini. Mace dai ba a ɓoye mata mace. Ranar Asabar da hantsi na ci ɗamara a kan hijabi, na ɗauki bokiti da tsumma, na sa maigidan ya riƙe tsani. Yana ta "Ke, a shekarunki?" ni kuwa ina hawa ina karanto duk addu'ar da na sani. Ban yi shela ba, don ban ga wanda zan yi wa ba.

Ina ɗaga kai sai ga Malam a tsakar gidansa, daga shi sai gajeren wando, ba hula, yana tsugune yana watsa wa tantabaru gero yana yi musu magana. Shekara talatin ban taɓa sanin yana da sanƙo ba. Muka haɗa ido. Ya zabura, ya rarumi abin da ya fi kusa, zanen uwargidansa da ke kan igiya, ya yafa, ya yi ɗaki da gudu har yana barin takalmi ɗaya. Uwargidan tana bakin murhu, ta dube shi, ta dube ni, sai ta kifa kai a gwiwa tana dariya har da hawaye. Ni ma da ƙyar na sauko.

Kwana uku Malam yana bi ta wani lungu zuwa masallaci. Na tabbata zumunci ya ƙare, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Rana ta huɗu uwargidan ta yi sallama da kwano a rufe. Ta ce Malam ya ce a gaishe ni, ya ba ƙaninsa na garin Babban Mutum tantabarun gaba ɗaya, sai guda huɗu da suka fi ƙwazon hawa kwanona, ga su nan an yi farfesu. Ya ce bai ga dalilin da tsuntsu zai raba shi da maƙwabci ba.

Na tambaye ta yanzu da wa yake hira da safe. Ta ce yana dai fitowa da geron, ya tsaya, ya koma.

Na kasa kai loma bakina. Maigidana ne ya cinye uku, yana cewa Allah ya saka wa Malam.