Kwana Arba'in da Uku da Ba Su Shiga Takarda Ba

Mzee Kombo Shaame dattijo ne da ba ya sa kuɗi a aljihu sai ya buga shi a kan dutse ya saurara. Ko canjin gahawa na miƙa masa, sai ya tsuguna ya ƙwanƙwasa a dakali. Ni ke sayar da gahawa a ƙofar ofishin kuɗi na garinmu, nan tsibirin Pemba, shi kuma masinja ne a ciki. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki, kuma ba shi da fansho. Vuai, ƙanin matarsa, yana sassaƙa kwale-kwale, ya ce zai sayar masa da rabin kwale-kwalen su yi tarayya, in ya kawo kuɗi kafin iskar arewa ta dawo.

A shekarar aka ce rupi ta daina ci, sule za a koma. Mutane suka tono abin da suka binne, a tukwane da gwangwanaye, wasu kuɗin har sun yi kore. Akawu, Bwana Lobo, bai iya gane jabu ba, sai ya zaunar da Kombo ya riƙa buga masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai ladan ƙarin aiki. Kwana arba'in da uku yana haka, daga safe zuwa la'asar, sannan ya tashi ya raba wasiƙu. Kunnensa na dama bai sake komawa daidai ba.

An ɗauki 'yan dako goma sha biyu masu kai akwatuna jirgi. Kullum da yamma sukan yi layi su dangwala yatsa a takarda. Lobo ya ce Kombo ma ya zo ya dangwala. Kombo ya dubi layin. Mutum ne mai ɗamarar gwamnati, yana rubuta sunansa da ajami, kuma rabin 'yan dakon a gabansa aka haife su.

"Bwana, ai kana ganina," in ji shi. "Me yatsa zai gaya maka da idonka bai gaya maka ba?"

Lobo ya ɗaga kafaɗa, ya rufe tawada.

Bayan wata uku kuɗin aikin ya iso daga babban ofishi a Unguja, da sunaye goma sha biyu. Lobo kuwa an riga an yi masa canjin gari. Sabon akawu mutumin kirki ne, ya buɗe takardun duka a gaban Kombo, ya ce ya nuna masa inda sunansa yake. Kombo ya bi su layi-layi, bai ga kansa ba.

Da Vuai ya ji, ya zo wurina ya same shi. "Yaya, kai da kunnenka ya fi sikeli, bai jiyo maka ƙarar naka kuɗin ba?" Kombo ya yi murmushi, ya biya musu gahawa su biyu.

Ya je wurin mai rubuta koke, aka aika. Amsa ta zo cewa ya kawo shaidar 'yan dakon nan, dukansu, kowa da yatsansa. Lokacin tsinkar kanumfari ya kama, sun watse gonaki. Kowace Lahadi yakan fita da takarda da 'yar kwalbar tawada a ƙunshe a ƙyalle, ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana jiran yaron da aka haifa a gabansa ya sauko. Wasu sun dangwala. Wani ya leƙo daga reshe ya ce, "Mzee, yau kuma yatsa ya yi daraja?" bai sauko ba sai da rana ta karkata.

Iskar arewa ta dawo yana da dangwalen mutum bakwai. Vuai ya ƙara masa mako biyu, sannan ya sayar wa wani mutumin garin Tumbe rabin kwale-kwalen. Ban ji wanda ya ga laifinsa ba.

Na ɗauka zai bari. Bai bari ba, sai dai ƙafa ta fara gaza masa. Lahadin ƙarshe da na gan shi ya ce an gaya masa biyu daga cikinsu suna garin Konde, zai je in ruwa ya ɗauke. Bai kai ga zuwa ba. Har yau takardar tana wurin matarsa, Bi Mize, da layi biyar babu komai a kansu.